Tsakanin Tunkiya da Tunkiya: Malami da Cin Zali a Makaranta

Wurin Karatu: Ezekiyel 34:1-24, Ayyukan Manzanni 23:11-24

Yawancin masu wa'azi idan suka buɗe sura ta 34 ta littafin Annabi Ezekiyel, sukan tsaya a kan rabinta na fari, inda Ubangiji ya tuhumi makiyayan Isra'ila. Tuhumar ita ce sun ci moriyar garken, amma ba su damu da raunanan cikinsa ba, ko masu ciwo, ko waɗanda suka ɓata a jeji. Daga aya ta 17 kuwa maganar ta juya ta wata fuska da ba a cika kula da ita ba. Ubangiji ya ɗauke ido daga makiyayan, ya dubi tumakin kansu, ya ce zai yi shari'a a tsakaninsu. Ashe a cikin garken akwai ƙosassu da suke cinye ciyawa mai kyau su tattake ragowar, su sha ruwa su dagula abin da ya saura, sa'an nan su riƙa ture ramammu da kafaɗa, suna kai musu tunkuyi har sai sun fitar da su daga garke.

Duk wanda ya taɓa zuba wa tumaki dusa a komi ɗaya ya san wannan hoto. Babban rago ba ya bukatar ya yi faɗa kullum. Da ya sunkuyar da kai sau ɗaya, ƙananan sun ja da baya, su tsaya daga nesa suna kallo har ya ƙoshi. Idan mai su bai tsaya a wurin ba, bayan wata biyu zai yi mamakin yadda ɗaya take rama alhali abinci bai yanke ba.

Ezekiyel yana cikin waɗanda aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, kuma sarakuna da masu ƙarfi na jama'arsa yake nufi da wannan misali. Amma misalin ya dace da kowane wuri inda aka tara mai ƙarfi da marar ƙarfi cikin shinge ɗaya, aka naɗa wani ya lura da su. Makaranta irin wannan wuri ce. Ran da uba da uwa suka sauke ɗansu mai shekara 11 a ƙofar makarantar kwana, da akwatinsa da bokiti da katifa, sun shigar da shi garken da yake akwai samari masu shekara 17 a ciki, kuma ba za su sake ganinsa ba sai ranar ziyara. Abin da ya tsaya tsakanin yaron nan da ƙahon manya shi ne malami. Surar kuwa ta haɗa laifin tunkuyi da laifin makiyaya wuri ɗaya, gama tumakin sun sami sukunin cutar juna ne domin hankalin makiyayan yana wani wuri dabam.

Abin da ake kira horo

Ba kowane faɗan yara ba ne cin zali. Yara biyu sa'o'in juna sukan kama kokawa a kan ƙwallo da safe, da rana a gan su suna cin gyaɗa tare. Wani masanin halayyar ɗan adam mai suna Dan Olweus, wanda ya yi aiki a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, ya soma binciken wannan al'amari tun shekarun 1970, ya kuma ba da alamun da har yau ake gane cin zali da su: ana yin abin da gangan domin a cutar, ana maimaita shi, kuma ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne, har wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Ƙarfin yana iya zama na jiki, ko na shekaru, ko na yawan abokai, ko na muƙami, ko na kuɗin uba.

A makarantun kwana na ƙasar nan an daɗe da yi wa abin suna mai daɗi. Siniya ya sa juniya ya wanke masa kaya, ya ɗebo masa ruwan wanka tun da asuba, ya karɓe masa gari da sukari da madarar da uwa ta yi adashi ta saya, ya sa shi tsallen kwaɗo da tsakar dare, a ce horo ne. A wajen 'yan mata abin yakan zo da wata kama: a daina yi wa yarinya magana baki ɗaya, a tashi daga benci in ta zauna, a ƙulla mata sharri a yaɗa. Mai in'ina, da zabiya, da mai fitsarin kwance, da mai farfaɗiya, da mai ciwon sikila, da maraya mai takalmi ɗaya, su ne suka fi shan wuya. Iyalan da suke zaune a Legas ko Ibadan ko Fatakwal sun san yadda ake kiran ɗansu "aboki" da muryar raini domin an ji yana Hausa, ko a jefe shi da sunan 'yan ta'adda, alhali wataƙila su ne suka koro iyayensa daga garinsu. Yanzu kuma wayar salula ta tsawaita hannun azzalumi. A dā yaro yakan huta in an tashi makaranta. Yau hoton da aka ɗauke shi yana kuka yakan bi shi har ɗakin uwarsa ta WhatsApp ko TikTok.

A shekara ta 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, wato kashi 32 cikin 100, 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin 100. Rahoton ya ce kamannin jiki shi ne babban dalilin da ake tsangwamar yaro a kansa, kuma yaran da ake yawan cin zalinsu sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen ƙauracewa makaranta. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun gamu da wani irin cin zarafi kafin su cika shekara 18, waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi nauyi, domin yana magana ne a kan manya.

Kada wani ya ce makarantun ikkilisiya sun tsira saboda ana yin sujada safe da yamma. A ƙarshen 2020 ƙasar nan ta girgiza da ƙorafin wata uwa a kan abin da ta ce manyan ɗalibai sun yi wa ɗanta mai shekara 11 a wata makarantar kwana ta ikkilisiya a Uyo. A watan Afrilu na 2024 kuma aka yaɗa hoton bidiyo daga wata makaranta mai tsada a Abuja, wata ɗaliba tana ta marin 'yar'uwarta, wasu suna tsaye, wani yana ɗauka da waya, har gwamnati ta sa aka rufe makarantar na kwana uku. Addu'a a asambuli da tsadar kuɗin makaranta ba su hana tunkuyi ba.

Yakubu ya gani, amma bai gane ba

Tsohon misalin babba mai ƙauna wanda bai san abin yi ba yana cikin Farawa sura 37. Yakubu ba mugun uba ba ne. Yana ƙaunar Yusufu ƙwarai, har ƙaunar ta zama wa yaron tarko. Ya ɗinka masa riga ta musamman a gaban 'yan'uwansa, yana kuma karɓar rahoto daga bakinsa a kan laifofinsu. Alamu sun bayyana a fili: 'yan'uwan sun kai inda ba sa iya yi wa Yusufu magana ta alheri. Nassi ya ce Yakubu ya riƙe al'amarin mafarkan a zuciyarsa. Ya riƙe, amma bai yi kome ba. Ƙarshenta shi da kansa ya aiki yaro mai shekara 17, shi kaɗai, daga kwarin Hebron zuwa Shekem, wurin mutanen da suka ƙi jininsa, nesa da idon kowane babba.

Malamai da yawa suna maimaita kurakuran Yakubu da zuciya ɗaya. Malami ya zaɓi yaro guda ya mai da shi ɗan lele, ya riƙa yabonsa yana kushe sauran, ya ba shi takarda ya rubuta sunayen masu surutu, sa'an nan ya fita ya bar shi da waɗanda aka yi wa bulala saboda takardar. Wani malamin kuma da wasa yakan laƙaba wa yaro suna saboda girman kansa ko baƙin fatarsa ko garinsu, aji ya fashe da dariya, shi ya manta kafin ya kai ofis, amma sunan ya bi yaron shekara shida. Wani ya ga yaro yana kuka ya ce masa, "Kai ba namiji ba ne? Je ka rama." Ba mugunta ce ta sa su ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu.

A nan ne batun horar da malamai ya shigo. Mutum yana iya riƙe da takardar NCE, ya yi rajista da hukumar TRCN wadda aka kafa a 1993, ya iya tsara darasin lissafi sarai, amma bai taɓa gwada ko sau ɗaya yadda zai karɓi yarinyar da ta zo tana rawar murya ta ce ana dukanta ba. A makarantu masu zaman kansu kuwa da yawa ba su bi ta kwalejin horon malamai ba sam. Ga kuma uwar ɗakin kwana, da mai gadi, da masu dafa abinci, da direban motar makaranta, da malaman Makarantar Lahadi, waɗanda sau da yawa su ne suke wurin lokacin da abin yake faruwa. Manzo Yakubu ya gargaɗi masu koyarwa cewa shari'arsu za ta fi ta sauran tsanani. Ikkilisiyar da take karanta wannan aya, sa'an nan ta tura mutum aji ba tare da ta shirya shi ba, ta ɗora masa kaya ba gammo.

Horon yana da amfani, an kuma gwada an gani. A 1982 yara maza uku masu shekaru tsakanin 10 da 14 sun kashe kansu a arewacin Norway bayan tsananin cin zali. A 1983 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da yaƙi da abin a dukan makarantu, shirin da Olweus ya gwada a makarantu 42 na Bergen, da ɗalibai wajen 2,500, ya rage cin zali da kimanin rabi. Ba ko'ina ba ne aka sami irin wannan nasara. Da masana biyu na Jami'ar Cambridge, Maria Ttofi da David Farrington, suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 44 a 2011, sun ga raguwar ta tsaya tsakanin kashi 20 da 23 cikin 100. Wani zai raina wannan. Makiyayin da ya bar 99 ya tafi neman ɗaya ba zai raina shi ba. Cikin abubuwan da suka fi kawo sauyi akwai horar da malamai, da sa ido a filin wasa, da ganawa da iyaye, da kuma daɗewar shirin. Taron yini ɗaya da shinkafa da takardar shaida ba ya isa.

Ido da kunne

Abu na fari da za a koya wa malami shi ne gani. Yaron da ake zalunta ba safai yake faɗa ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Kayan tea ɗinsa da ya kamata su kai wata guda sun ƙare cikin mako ɗaya. Kofinsa da cokalinsa kullum a ɓace. Cikinsa yana ciwo kowace Litinin da safe. Lokacin tara yana raɓe kusa da ofishin malamai, ba ya zuwa fili. Yaron da yake zuwa na biyar ya koma na talatin. Malamin da ba a nuna masa ba zai ga lalaci da sakaci, har ya ƙara masa da bulala a kan kofin da aka ƙwace.

Akwai wata hanya mai sauƙi da ba ta cin kuɗi. A zana taswirar makaranta a takarda, a raba wa ɗalibai ba tare da sun rubuta suna ba, kowa ya sa alama a inda yake jin tsoro. Alamun sukan taru a wurare ƙalilan: bayan banɗaki, bakin famfo, layin abinci, ɗakin kwana bayan an kashe fitila, da wata kwana a hanyar komawa gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan sai a gyara jadawalin malaman da suke bakin aiki, ya zama akwai babba a waɗannan wurare a waɗannan lokatai, da ƙafarsa, a tsaye. A shirin KiVa na ƙasar Finland, wanda Jami'ar Turku ta tsara aka kuma baza shi cikin ƙasar a 2009, malaman da suke lura da fili sukan sa riga mai ɗaukar ido domin kowane yaro ya san inda babba yake.

Sa'an nan kunne. Mafi kyawun darasi a kan karɓar rahoto daga bakin yaro yana cikin Ayyukan Manzanni sura 23, kuma wanda ya koyar da shi sojan Roma ne da bai san Ubangiji ba. Mutum fiye da 40 sun yi rantsuwa ba za su ci ko su sha ba sai sun kashe Bulus. Ɗan 'yar'uwar Bulus, wani saurayi, ya ji ƙulle-ƙullen ya kawo labari. Da aka kai shi gaban shugaban sojoji, Kalaudiyas Lisiyas, sai babban mutumin nan ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya tambaye shi a kaɗaice. Ya saurara har ƙarshe. Bai ce masa ya kawo shaidu ba, bai kira maƙiyan ya tsayar da saurayin a gabansu ba. Ya gargaɗe shi kada ya bari kowa ya san ya kawo maganar, domin ya kiyaye ransa. A daren nan kuma ya tashi sojoji 470 suka fitar da Bulus zuwa Kaisariya.

Ko kalma ɗaya ba a bukatar a ƙara a kan wannan tsari, sai dai a gwada shi. A wurin horo malami ɗaya ya zama yaron, ɗaya ya zama mai saurare, su yi ta maimaitawa har bakin malami ya daina fitar da "Me ka yi musu?" ya saba da "Ka yi daidai da ka faɗa mini." Abin da aka ji a rubuta shi a littafi na musamman, da rana da wuri. A gana da waɗanda ake zargi ɗaya ɗaya, a rana ɗaya, kafin su haɗa baki. A sanar da iyayen ɓangarorin biyu. Bayan mako ɗaya ko biyu a sake kiran yaron a tambaye shi ko abin ya tsaya, gama lokacin ramuwar gayya ke nan.

Iyaye masu bi su lura da aya ta 11. A daren da ya gabata Ubangiji da kansa ya tsaya kusa da Bulus ya tabbatar masa zai kai Roma. Duk da wannan alkawari, da labarin ya zo Bulus bai ce a bar wa Allah ba. Ya kira jarumin soja ya ce a kai saurayin wurin hukuma. Uwar da ta ce wa ɗanta ya yi haƙuri ya yi addu'a kawai, ta ba shi rabin abin da Bulus ya yi.

Masu kallo

A Dotan mutum ɗaya ko biyu ne suka kawo shawarar mugunta, sauran suka bi. Ra'ubainu bai yarda ba, amma bai iya fitowa fili ya ce a'a ba, sai ya nemi dabarar a jefa yaron a rami da nufin ya komo ya cece shi a ɓoye. Kafin ya komo an sayar da shi azurfa 20. Bayan shekara fiye da 20, a Masar, 'yan'uwan suna tune da yadda ya roƙe su suka ƙi ji. Mai kallo ma yana tafiya da nasa tabon.

Masu bincike a Kanada, Wendy Craig da Debra Pepler, sun ɗauki hotunan filayen wasa na makarantu, suka ga cewa a kusan kashi 85 cikin 100 na lokutan cin zali akwai wasu yara a wurin. Suka kuma ga cewa idan yaro ɗaya ya sa baki, fiye da rabin lokutan abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Azzalumi dariyar 'yan kallo yake nema, in ta yanke, kasuwarsa ta watse. Saboda haka malamin da aka horar ba ya ƙare ƙarfinsa a kan yara biyu kaɗai. Yana aiki da aji duka, yana koya musu cewa dariya ma hannu ce a cikin laifin, kuma zama kusa da wanda aka ware a wurin cin abinci taimako ne da ko mai tsoro zai iya yi.

Babban shingen shi ne tsoron a kira mutum munafuki ko ɗan tsegumi. Littafi Mai Tsarki ya raba tsakanin biyun. Littafin Firistoci 19:16 ya hana yawon tsegumi, a cikin ayar nan kuma ya hana mutum ya tsaya kallo ran maƙwabcinsa yana cikin hatsari. A misalin bawa marar tausayi cikin Matiyu 18, 'yan'uwansa bayi ne suka ga ya shaƙe wuyan ɗan'uwansu, ransu ya ɓaci, suka je suka faɗa wa maigidan, Yesu kuma bai zarge su ba. Yaro ɗan aji uku zai iya riƙe bambancin: mai tsegumi yana so wani ya shiga uku, mai kawo rahoto yana so wani ya fita daga ciki.

Sulhu, gafara da bulala

Akwai kuskuren da ya fi kama malamai masu bi saboda kyakkyawar niyyarsu. A kira azzalumi da wanda aka zalunta, a karanta musu aya a kan gafara, a ce su yi musafaha, a yi addu'a, a sallame su. Sulhu na sa'o'i ne da suka saɓa. Inda ɗaya yake tsoron ɗaya, musafahar nan tana koya wa ƙaramin cewa kukansa bai kai ko'ina ba, tana koya wa babban cewa farashin laifinsa miƙa hannu ne. Gafara tana zuwa, amma Yusufu ma sai da ya gwada 'yan'uwansa ya ga yadda za su yi da Biliyaminu kafin ya bayyana kansa. Haka nan bai kamata a rufe bakin yaro da koyarwar juya ɗaya kuncin ba. Wannan koyarwa ta hana ramuwa, ba ta hana magana ba. Yesu da kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban Hanana, ya tambaye shi dalilin marin.

Idan akwai rauni a jiki, asibiti ne farko. Idan abin ya shafi lalata da yaro, ya wuce ofishin shugaban makaranta, dole hukuma ta sani. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, a 2021 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu. Shugabannin da suke binne magana domin sunan makaranta ko na ikkilisiya su karanta 2 Sama'ila 13. Dawuda ya ji abin da Amnon ya yi wa Tamar, ya husata ƙwarai, bai ɗauki mataki ba. Absalom ya ce mata ta yi shiru. Shirun ya yi shekara biyu, ya ƙare da jini.

Shi kuma yaron da yake zalunci, tunkiya ce shi ma a garken. Sau da yawa juniyan bara ne yake biyan bashin abin da aka yi masa, ko kuwa yana kwaikwayon abin da yake gani a tsakar gidansu. Ya kamata ya gamu da hukunci tabbatacce: ya mayar da abin da ya ƙwace, a sauke shi daga muƙami, a raba shi da ɗakin ƙanana, a kira iyayensa, in ya ƙi ji a dakatar da shi. Amma kwantar da shi a gaban asambuli a zane shi yana tabbatar masa da darasin da ya riga ya koya, wato mai ƙarfi shi ke da gaskiya, da dare kuma juniya ne zai biya. Masu bi sun bambanta a kan fassarar sanda cikin Karin Magana, amma babu inda Nassi ya danƙa ta a hannun ɗan shekara 16 a kan ɗan shekara 11. Makarantar da malamanta suke miƙa wa shugabannin ɗalibai bulala domin su huta, ta ba kura ajiyar nama. Sandar Dawuda makiyayi a kan zaki da beyar ta sauka.

Wa zai ɗauki nauyin?

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a aikin horar da malamai. Tun 1934 aka soma koyar da masu bishara da malamai a Gindiri, kuma daga irin waɗannan wurare aka sami mutanen da suka buɗe azuzuwa a ƙarƙashin itatuwa a ƙauyukan da gwamnati ba ta kai ba. Abin da ake bukata yau bai kai wancan wahala ba. A kusan kowace gunduma akwai tsofaffin shugabannin makarantu da suka yi ritaya, da ma'aikatan jinya, da jami'an jin daɗin jama'a, da lauyoyi, suna zaune a benci kowace Lahadi ba wanda ya nemi iliminsu. Majalisar dattawan da ta iya tara kuɗin fenti da na sabon janareta za ta iya ware kwana biyu ko uku kafin kowane zangon karatu, ta tara dukan ma'aikatan makarantarta har da mai gadi, ta kuma biya malamai albashinsu a kan kari, gama wanda yake bin bashin wata uku ba zai zaga ɗakin kwana da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. Shugabannin Makarantar Lahadi, da na ƙungiyoyin yara da matasa, da masu kai yara sansani lokacin hutu, su ma su zauna a horon.

Iyaye kuwa suna da haƙƙin yin tambaya a taron iyaye da malamai, su yi ta da ladabi amma su jira amsa. Wane malami ne yaro zai je wurinsa in an taɓa shi? Wane babba ne yake kwana kusa da ɗakin ƙanana? Ina littafin da ake rubuta ƙorafi, rahoto nawa aka shigar a zangon da ya wuce? Makarantar da ta ce ba ta sami ko ɗaya ba cikin ɗalibai 500, tana bayyana cewa yaranta ba su yarda da kunnuwan malamansu ba. Uban da aka kira aka ce ɗansa ne mai zaluncin, ya tuna da Eli, wanda ya ji labarin 'ya'yansa ya tsaya ga faɗan baki, ya saurari malamin kafin ya ce sharri ake yi wa gidansa.

Tun 2020 ƙasashen duniya suke kiyaye Alhamis ta farko ta watan Nuwamba domin yaƙi da cin zali a makarantu. Ranar tana faɗowa a tsakiyar zangon farko, lokacin da sababbin ɗalibai suka yi kusan wata biyu a hannun manya. Lokaci ne da ya dace a raba taswirar nan a azuzuwa, a kira malamai a duba abin da aka koya musu a watan Satumba, fasto kuma ya hau bagadi a Lahadin da take biye da Ezekiyel 34 daga aya ta 17.